Yaɓen Hasumiyar Jikan Barade

Hoton da ke kan teburinsa shi ya fara haɗa mu. Tudu ne ɗan madaidaici, ciyawa ta rufe shi, ga wani rami ya zagaye shi, ruwa ya kwanta a ciki. Ni da na gani na ɗauka tsohon juji ne, irin wanda awaki ke hawa a bayan gari, sai na tambaye shi me zai sa mutum mai hankali ya ɗauki hoton juji ya ajiye a gabansa. Bai yi dariya ba. Ya cire tabarau, ya ce min nan ne gidan kakanninsa.

A lokacin muna aiki a wani kamfanin 'yan kwangila a Alexandria, kusa da Washington a Amurka, muna zana gine-ginen gwamnati a kwamfuta, farkon shekarun dubu biyu. Ni injiniya ne daga Zariya, ina zaune da iyalina a Hyattsville, kullum da safe in hau babbar hanyar da ta zagaye Washington ina zagin direbobi a zuci, wani lokaci ma a fili. Shi kuma dattijo ne ɗan asalin Polan, ya girme ni da kusan shekara ashirin, dogo, mai furfura, a ɗan yatsansa akwai zoben zinariya mai tambarin gidansu. A gudun hijira aka haife shi, sau biyu kacal ya taɓa taka tudun nan da ƙafarsa.

Da ya ga na ji kunya sai ya saki rai, kuma tun daga ranar na rasa hutun cin abincin rana. In mutumin nan ya fara maganar tudun, sai miyata ta huce ban kai loma uku ba. Ya ce shekara ɗari shida ko bakwai da suka wuce, baraden ƙasarsu, wato mayaƙan doki da sarki ke yanka wa ƙasa, ba duka ne ke zaune a manyan fadojin dutse ba. Waɗancan na sarakuna ne da manyan masu hali. Barde mai ƙauye ɗaya ko biyu wuri mai fadama yake nema, ya sa talakawansa su haƙa gwalalo a zagaye, ƙasar da aka haƙo a tara ta a tsakiya ta zama tudu, ruwa ya cika ramin. A kan tudun a kafa shingen gungume, a tsakiya a gina hasumiyar katako mai hawa biyu ko uku, ƙasa hatsi da makamai, sama wurin kwana. Sai a yaɓe katakon da yumɓu saboda wuta da sanyi. Gada ɗaya ce tak, in maƙiya sun doso a janye ta.

Da zamani ya sauya, jikokin baraden suka gaji da hawa tsani, suka sauko suka gina dogayen gidaje a gefen tudun, masu farin bango da rufi mai tsini, da 'yar rumfa mai ginshiƙai a ƙofa inda maigida ke tsayawa ya tarbi baƙo. A irin wannan gidan aka haifi mahaifinsa. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnatin gurguzu ta ƙwace gidan, ta mai da shi ofishin gonar gwamnati, daga baya ma'ajiyar taki, har rufin ya rufta. Abin da ya rage wa abokin nawa shi ne zobe, da hoto, da girman kai mai yawan gaske.

Girman kan nan ne ya sa na so shi, domin na san irinsa a gida. Ni ɗan gidan magina ne. Kakana da kakan kakana sun gina soraye a cikin birni da har yau wasu ke tsaye. Baba ya gaje su, kuma yana ji yana gani bulo da siminti suka raba shi da aiki. Ni kuwa na tsere zuwa makarantar boko tun hannuna bai gama sanin ƙasa ba. Baba na kirana Injiniya, in ka ji yadda yake jan kalmar ka san ba yabo ba ne. Na ce wa abokin nawa ai abin da yake ta ba ni labari ganuwa ce da kududdufi, mu ma inda muka haƙi ƙasar gini nan ruwa ke zama. Matata ce ta raɗa masa suna jikan barade, ranar da ya fara zuwa gidanmu ya sunkuya zai sumbaci hannunta irin na al'adarsu, ta ja da baya har ta kusa kifar da tukunyar miya.

Burinsa ɗaya ne a duniya, ya sake gina hasumiyar nan a kan tudun kafin ya mutu. Masu tonon kayan tarihi sun taɓa haƙa wurin, sun sami dunƙulen yumɓu da wuta ta gasa ranar da hasumiyar ta ƙone, da shaidar katako da ciyawa a jikinsu, suka aiko masa da hotuna. Amma hukumar da ke kula da wurin ta ce ba za ta yarda a yi ginin yumɓu ba sai ta ga bangon da ya jure hunturu. Don haka ya kafa wani bangon katako mai tsayin mutum a bayan gidansa a garin Laurel, yana yaɓe shi da bazara, hunturu na zuwa ya zubar. Shekara uku yana wannan wahalar.

Wata Asabar ya ja ni in gani. Wallahi sai da na riƙe ciki don dariya. Mutumin nan da safe yake kwaɓa ƙasa, da azahar ya yaɓa, kamar mai dama kunu. Na tuɓe takalmi na naɗe wando na shiga cikin kwaɓin, ƙafata ta nutse, wani sanyi ya ratsa ni har tsakiyar kai. Rabona da taka ƙasar gini ya fi shekara ashirin, amma ƙafar ba ta manta ba, kuma ban san ina kewar abin haka ba sai a ranar. Na nuna masa abin da kowane magini ya sani: a yayyanka ciyawa, a samo kashin doki, a tattake, a rufe a bar ƙasa ta ruɓa kwanaki ana juya ta. Akwai masu kiwon dawaki a wajen Laurel, suka ba mu buhu-buhu suna kallonmu kamar mahaukata.

Bangon ya yi kyau a shekarar, ya tsallake ruwan kaka. Amma da sanyi ya kankama, ruwa ya shiga ƙananan tsagu ya daskare, fuskar yaɓen ta ɓare kamar ɓawon rogo. Na tarar da shi tsaye a gaban bangon, hannu a aljihu, idonsa ya yi ja. A nan ne na yi suɓul da baka. Na ce masa a gidanmu akwai wani haɗi da ake yi wa shafe na ƙarshe, wanda ruwa ba ya kama shi, kuma Baba ne kaɗai ya rage da ya san shi daga farko har ƙarshe.

Kowa a Zariya ya san makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafa wa bango. Namu ya wuce nan. Akwai abubuwan da ake ƙarawa, da tsarin wanda ke bin wani, da yadda ake gane haɗin ya nuna. Ba zan faɗe shi a nan ba, ko da yake yanzu duk mai so zai iya samunsa. A gidanmu ba a koyar da shi a zaune, a jikin bango ake koyarwa, uba ya ɗora hannunsa a kan na ɗansa. Kuma ba a taɓa rubuta shi ba, ba don rashin ilimi ba, kakana malami ne da ke rubuta wasiƙun unguwa da ajami. Hujjarsu ita ce, in ya shiga takarda, wanda bai taɓa ɗaukar ƙasa a ka ba zai tsince shi, ya yi gini ya faɗa wa mutane, a ce aikin gidanmu ne.

Na sayi katin waya a shagon kayan abincin Afirka da ke kusa da mu, na kira Baba. Da na gama kewaye-kewaye na faɗi buƙatata, sai ya ce, "Injiniya, yau kuma ƙasa ka tuna? Simintin ya ƙare a Amurka?" Ya ƙi. Na bar shi mako biyu na sake kira, ya ƙi. Ni kuma akwai naci, ga shi raina ya kwaɗaitu, domin a karon farko tun ina yaro akwai abin da nake nema a hannun Baba wanda ba addu'a ba. A kira na uku, ina jin kukan tumaki a bayansa, sai ya jefo min tambaya.

"Shi Baturen nan, ya ci abinci a gidanka?"

"Ya ci, Baba, ba sau ɗaya ba."

"Kai ka ci a nasa?"

"Na ci."

"To, kawo shi in ji muryarsa."

Ranar Lahadi da hantsi jikan barade ya zo gidana sanye da kwat, kamar mai zuwa neman aure. Matata ta koya masa gaisuwa, ya duƙa a gaban wayar da ke kan tebur ya ce, "Ina wuni, Baba," har Baba ya yi dariya. Ni ne tafinta. Baba ya ce sharaɗinsa ɗaya ne: abin nan na hannu ne, ba na alƙalami ba. Ya yi aiki da shi a bangon kakanninsa, Allah ya sa albarka, amma kada ya rubuta, kada ya koya wa wani. Ya tambaya da me mutanensu ke rantsuwa.

Abokin nawa ya miƙe tsaye, ya ɗora hannu a kan zoben. Ya ce a al'adar gidajen barade na ƙasarsu akwai abin da ake kira maganar ɗan asali. In ɗan irin wannan gida ya ba da ita, ba a neman shaida, ba a neman takarda, an sha sayar da gonaki an ɗaura aure a kanta, kuma wanda ya karya ta ba ya sake zama a teburin mutanen kirki. Ya ce ita ya ba Baba. Na fassara, har da ɗan ƙarin gishiri, domin ni kaina tsigar jikina ta tashi. Baba ya ji daɗin maganar, ya ce ashe akwai sauran mutane a duniya. Sannan ya ce da ni, "Ni ban san shi ba. Ka tsaya masa?" Na ce, "Na tsaya masa, Baba."

Bazara biyu muka yi muna aikin, kuma ban taɓa jin daɗin zaman Amurka kamar lokacin ba. Wasu kayan haɗin wani ɗan garinmu ya taho mana da su a jaka, wasu kuma dole muka nemi madadinsu a itatuwan jihar Maryland da muke zaune. Duk Asabar da safe in kira Baba, lokacin can an yi azahar, in ajiye wayar a kan bokiti. Tunda ba zai iya ɗora hannunsa a kan nawa ba, sai ya riƙa tambaya. Wane irin wari yake yi? In ka murza tsakanin yatsu yana kama ka ko yana sakinka? Shafa a cikin hannunka, ka jira, me ka ji? In na ba da amsar banza ya ce, "Kai, wannan karatun naka asara ne," in na dace ya yi gyaran murya kawai, ni kuma in ji kamar an ba ni sarauta. Matar abokin nawa ta riƙa kawo mana wani abincinsu na fulawa da dankali da cuku a ciki, matata ta aiko da waina, mu ci a tsaye hannu duk ƙasa.

Na lura duk in mun tashi aiki abokin nawa yakan shiga motarsa ya ɗan jima. Sau ɗaya na leƙa na gan shi da ƙaramin littafi a kan sitiyari. Ya ce awon katako yake rubutawa. Na yarda, domin mutumin da ya miƙe tsaye a falona ya dafa zobe ba ya cikin waɗanda nake bincika wa aljihu.

Shekarar da aka yi dusar ƙanƙarar nan da ta rufe ofisoshin gwamnati kwana da kwanaki, bangonmu ya nutse a cikinta har wuya. Da ta narke na tuƙa zuwa Laurel gabana na faɗuwa. Ko tsaga ɗaya babu. Jikan barade ya rungume ni yana kuka, yana ce min ɗan'uwana. Na kira Baba a tsaye a wurin, na ce bango ya tsaya. Ya ce, "Da me kake tsammani?" Amma ƙanwata ta gaya min daga baya sai da ya ba duk wanda ya shigo zaure labarin, har mai sayar da goro.

Bayan nan abokin nawa ya yi ritaya, ya riƙa zuwa Polan yana dawowa. Hukuma ta amince, aka gina hasumiyar a kan tudun, da gadarta da shingenta, ya riƙa turo min hotuna ina nuna wa 'ya'yana. Na yi alfahari kamar gidan ubana aka gina. Shekara uku ko huɗu bayan nan ya aiko min da katin gayyata, zai yi jawabi a wani zauren taro na mutanen ƙasarsu a Washington, ranar Lahadi da la'asar, a kan mazaunin barade da gidajen manya na da. Matata ta goge min babbar riga, na kafa hula, na zauna a layi na uku ni kaɗai baƙar fata a zauren, ina ta washe baki.

Jawabin ya yi daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya nuna tuddai da gwalalo, ya nuna hasumiyoyin dutse da masu hali suka gina daga baya, ya nuna fararen gidaje masu ginshiƙai, wasu sun zama makarantu, wasu kango. Tsofaffi na share hawaye. Sai ya zo kan hasumiyarsa. Ya ce babban abin da ya samu a wannan tafiya shi ne fasahar yaɓen kakanninsu da ta ɓace shekaru ɗaruruwa, wadda ya gano ta hanyar nazarin dunƙulen yumɓun da suka ƙone da gwaje-gwajen shekara da shekaru a bayan gidansa. Ya danna, sai ga shi a jikin allon majigi.

Haɗin gidanmu ne, daga farko har ƙarshe, an jera shi ɗaya, biyu, uku. Abin da ake jiƙawa, kwanakin da yake yi, wanda ke bin wani. Har gwajin nan na shafawa a cikin hannu a jira, wanda Baba ya ce kakana ya koya masa da ranƙwashi. Ya ce duk yana cikin ɗan littafin da aka ajiye a bakin ƙofa, cikin harshensu da Turanci, kowa ya ɗauka, kuma ɗalibai a can sun riga sun fara aiki da shi. A ƙarshe ya gode wa hukuma, da masu tonon tarihi, da matarsa, da wani abokin aiki da ya taimaka masa da aikin ƙarfi a ranakun Asabar. Ya nuno ni, aka juyo aka tafa min. Ban taɓa jin an wulaƙanta ni kamar wannan tafin ba.

Na jira har mutane suka ragu a wajen teburin shayi. Matarsa ta hango ni, ta sunkuyar da kai ta shige wani ɗaki, a nan na gane ta daɗe da sani. Na ja shi gefe na ce, "Ina maganar da ka ba mahaifina?"

Ko gezau bai yi ba. Ya dafa kafaɗata ya ce ilimin da ba a rubuta ba mutuwa yake yi, mahaifina ya tsufa, ni kuma zanen kwamfuta nake yi, shi ceto abin ya yi. Na ce to in ceto ne, me ya sa ya zama na kakanninsa? Ya ce ai Baba ne ya ce ba ya son a rubuta shi, shi ya sa bai sa sunansa ba, kuma in faɗi gaskiya, wace hukuma ce za ta yarda a shafa fasahar Afirka a jikin kayan tarihin Polan? Ya ce wa ya sani ma, wataƙila haka kakanninsa suke yi, ƙasa ai ƙasa ce a ko'ina.

Na ce, "Ka miƙe tsaye a falona. Ka dafa zoben nan."

Ya dubi zoben, ya yi ɗan murmushi irin na manya da yara. Ya ce, "Ɗan'uwana, tsoho ne a waya, yana buƙatar abin da zai kwantar masa da hankali, na ba shi."

Ina da zuciya, kowa ya sani, na taɓa fasa gilashin tebur a ofis a kan abin da bai kai wannan ba. Amma a ranar hannuna ya ƙi ɗaguwa. Na cire hannunsa daga kafaɗata, na ɗauki littafin guda ɗaya a bakin ƙofa, na fita. A mota na zauna na fi rabin sa'a ban tayar ba. Ban ƙara yi masa magana ba har yau. Ya kira, ya aiko da kati lokacin salla, matata ta jefa a shara ba ta ko buɗe ba.

Matata ta ce kada in gaya wa Baba. Ta ce tsoho ne, ba ya karanta Turanci balle harshen Polan, babu ta inda labarin zai kai masa, in bar shi ya ƙarasa kwanakinsa da farin cikinsa. Na bi shawararta wata biyar. Amma duk kiran da na yi, bayan ya tambayi yara da sanyi, sai ya ce, "Ya mutumin namu, ɗan asali? Bangonsa na nan tsaye?" In ce yana nan. In ajiye waya in rasa abin da ke min daɗi, in huce a kan yara ko a kan wanda ya tare min wurin ajiye mota. Jikan barade ya ci amanata, ni kuma kullum ina ƙara cin ta Baba da bakina.

Wata Asabar da safe na sauka na shiga mota, na rufe gilashi, na kira Baba na faɗa masa komai. Ban rage ba, har tafin da aka yi min. Ya saurara har na gama. Sai ya ce, "Takardar na wurinka?" Na ce tana nan. Ya ce in karanta masa. Na riƙa karantawa ina mayarwa da Hausa, ɗaya, biyu, uku, yana saurare. Da na kai ƙarshe ya ce, "Daidai ne. Bai ɓata ko ɗaya ba."

Na fara zagin mutumin, na ce maci amana ne, na ce zan kai shi kotu, zan rubuta wa hukumar can wasiƙa. Baba ya katse ni, muryarsa a kwance.

"Bar zaginsa. Ni ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. Ba shi na ba amana ba."

Sai ya ce in gai da yara. Daga ranar gaisuwarmu ta koma yadda take a da, lafiya, iyali, ruwan sama, addu'a. In na ɗauko maganar gini sai ya ce an kira salla, ko ya miƙa wa ƙanwata wayar. Bai yi fushi da ni a fili ba, da ya yi da na fi samun sauƙi.

Da rani ya zagayo ƙanwata ta gaya min rufin zaurenmu ya tsage. Zauren nan kakana ya gina shi, ɗaurin guga ne, wato rufin ƙasa mai lanƙwasa da ke tsaye a kan bakuna na azara ba ginshiƙi a tsakiya, kuma gyaransa shi ne ƙololuwar sana'ar gidanmu. Na ɗauki hutu na sayi tikiti. A jirgi ina ta shirya yadda za a yi: zan tuɓe riga, in ɗauki ƙasa a ka kamar kowane almajirin magini, in hau tsani, shi yana ƙasa yana min faɗa, ko zagina zai yi na yarda. Na yi imani in muka haɗu a jikin bango komai zai gyaru.

Na isa da hantsi. Tun daga bakin lungu na hango tarin bulo da buhunan siminti, da kwanon rufi a jingine yana ƙyalli. Wasu ma'aikata huɗu da ban sani ba suna saman zauren da diga, sun riga sun huda tsakiyar rufin, rana na faɗowa a kan daɓen da muka yi rarrafe. Baba na zaune a kan tabarma a inuwa, ya rame, yana kallonsu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi hanya.

Na ce, "Baba, me ya sa? Ai ana iya gyara shi. Ga ni na zo, ka nuna min kawai." Na miƙe na fara cire riga.

Ya ɗaga hannu. "Mai da rigarka. Ka sha hanya, zauna a kawo maka ruwa." Ya juya ya kira babban ma'aikacin, ya ce masa, "Ga ɗana nan daga Amurka, ya san aikin takarda sosai. In kuna da lissafin kwano ku ba shi ya duba muku."

Mutumin ya sauko ya miƙo min wata 'yar takarda da ta sha siminti. Na karɓa na zauna a gefen tabarmar, ina duba yawan kwano da ƙusa, su kuma suka ci gaba da sara.